Zuwa Gambiya: kati ko tsabar kuɗi?

Kuɗin Gambiya dalasi ne, wanda ya maye gurbin fam a 1971, kuma butut 100 ke yin dalasi ɗaya.

Katin banki yana aiki a manyan otal-otal na bakin teku, irin na Kololi, akwai kuma na'urorin cirar kuɗi a Banjul da Serekunda. Sai dai abin da na'urar ke bayarwa a lokaci guda bai taka kara ya karya ba, ga cajin banki kowane cira. Wani lokaci ma ka tarar babu kuɗi a ciki.

Tsaba kuwa ita ce sarauniya. Mai tasi, mai kifi a Tanji, 'yan tebur a kasuwar Albert, galibinsu hannu da hannu suka sani. Ka zo da dala, yuro ko sefa, ka canza a shagunan canji masu lasisi. Matsalar tsaba nauyi: takarda mafi girma dalasi 200 ce, don haka canjin dala ɗari kaɗai sai aljihu ya kumbura. Ka nemi ƙananan takardu tun a wurin canji, domin mai gyaɗa ba ta da canjin 200.

Ni dai in zan nausa garuruwan cikin ƙasa irin su Farafenni ko Basse, tsaba nake ƙullewa, katin ya zauna a jaka saboda ko-ta-kwana.