Horon ƙa'idojin kayan soja a Wuse 2: ya ƙware a dokar Amurka, ya yi sako-sako da ta gida

Akwai wani kamfanin ba da shawara a Wuse 2, Abuja, da ke horar da shugabanni da jami'an tsaro na kamfanonin da ke kwangila da rundunonin soja, kan yadda ake adana takardun sirri da yadda ake bin ƙa'idar shigo da kayan tsaro daga ƙasashen waje. Na halarci horon a madadin kamfanin da nake yi wa aiki, wanda ke gyaran na'urorin sadarwa, kuma ra'ayina shi ne horon ya cancanci kuɗinsa ga mai kamfani ko babban manaja, amma ƙaramin ma'aikacin da aka turo shi kaɗai ba zai koma da abin da zai iya zartarwa ba.

Tun daga bakin ƙofa aka fara darasin. An ajiye akwatin katako mai ɗakuna ƙanana, kowa ya saka wayarsa aka ba shi lamba, takardun da aka raba mana kuma kowace tana da lambarta, sai ka sa hannu za ka karɓa, sai ka sa hannu za ka mayar. Wasu manyan mutane sun ɓata rai, domin ba su saba a raba su da waya ba, amma haka ake aiki a duk wurin da ake riƙe sirrin gwamnati, kuma gara mutum ya ɗanɗana da kansa a kan a karanta masa.

Inda horon ya fi ƙarfi shi ne bayanin dokar Amurka. Malamin ya bambanta ƙa'idar ITAR, wadda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke kula da ita a ƙarƙashin dokar sayar da makamai ta 1976, da ƙa'idar EAR ta Ma'aikatar Kasuwanci, wadda ta shafi kayan da ake amfani da su a aikin soja da na farar hula. Ya nuna cewa jerin kayan yaƙi na Amurka kashi 21 ne, kuma bai tsaya ga bindiga da jirgi ba, ya haɗa da zanen injiniya da littafin gyara. Wannan ne ya fi ba mutane mamaki: a idon dokar, nuna wa ɗan wata ƙasa irin wannan zane daidai yake da fitar da kayan zuwa ƙasarsa, ko da a cikin ofishi ɗaya kuke zaune. Ya ɗaga hoton zanen wayoyin wata na'ura ya tambayi wa ya taɓa tura irinsa ta WhatsApp ga injiniya don neman shawara, sai aka ga ana ta kallon juna ana murmushi.

Misalan da ya kawo ba na shaci-faɗi ba ne. A 2024 kamfanin RTX, mai ƙera kayan yaƙi a Amurka, ya amince da tarar dala miliyan 200 kan laifuka 750, ciki har da ma'aikatan da suka tafi Rasha da Iran ɗauke da kwamfutocin aiki masu bayanan da aka hana fitarwa, a shekarar kuma Boeing ya amince da dala miliyan 51. Ya kuma tuna mana yadda a 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, domin kayan yaƙin da aka ƙera a Amurka ba sa sauya hannu sai da izininta. Daga nan ya bayyana dalilin da ya sa jiragen yaƙi na Super Tucano 12 da suka iso Najeriya daga Amurka a 2021 suke tare da sharuɗɗan sa ido, da yadda waɗannan sharuɗɗa ke sauka har kan ɗan kwangilar da aka ba gyaran abu ƙarami.

Sashen shugabanci shi ne zuciyar horon, kuma a nan na fi yarda da malamin. A tsarin Amurka, wanda aka mayar ƙa'idar tarayya a 2021, dole kamfanin da ke riƙe sirri ya naɗa jami'in tsaron kamfanin da sunansa, ya kuma ayyana babban shugaban da alhakin ƙarshe ke wuyansa. A wajenmu sau da yawa jami'in tsaro shi ne mai kula da masu gadi da kyamarori, ba ya shiga taron da ake yanke shawarar kwangila. Wani tsohon hafsa da ke cikinmu ya tambaya: "Malam, in oga ya ce a tura yau, wa zai ce masa a dakata?" Amsar da aka ba shi ita ce matuƙar jami'in tsaro ba shi da ikon tsayar da kaya a rubuce, da sa hannun mai kamfani, to muƙamin nasa suna ne kawai. Shi ya sa nake ganin masu kamfani ne ya kamata su zauna a kujerun nan.

Rauninsa yana ɓangaren Najeriya. Takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ke bayarwa kafin a shigo da irin su motoci masu sulke, rigunan kare harsashi da jirage marasa matuƙi, ita ce abin da kowannenmu ke nema a aikinsa na yau da kullum, amma a gurguje aka wuce ta, ba a ko buɗe shafin intanet ɗin an nuna yadda ake cikewa ba. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 sunanta kawai aka ambata. Sabuwar dokar DICON, wato hukumar ƙera kayan tsaro ta Najeriya, ta 2023, wadda ta faɗaɗa ikon hukumar kan masu ƙera kayan soja a cikin gida, ba ta cikin takardun ma. Da alama an ɗauko darasin ne yadda aka tsara wa kamfanonin Amurka, aka ɗan yafa masa rigar gida. Har fom ɗin gwaji adireshin wani gari ne a Amurka a kansa.

Ɗakin yana da sanyi da tsafta, an ba da lokacin salla yadda ya kamata, sai dai na'urar haska bango takan ɗauke idan aka koma janareta. Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce kawai, ba lasisi ba ce, kuma masu shirya horon sun faɗi haka a fili, abin da na yaba musu a kai. Kamfanin da ke hulɗa da kayan Amurka zai amfana ƙwarai, da sharaɗin mai kamfani ya je tare da jami'in tsaronsa. Wanda kuwa buƙatarsa takardun gida ce kaɗai, ya nemi a aiko masa da jadawalin darussan ya duba kafin ya biya.