Kafin ki sayi maganin tabon ƙuna, ki duba irin tabon

Bara da hunturu ruwan zafi ya zubo wa ɗana a hannu, ciwon ya warke amma ya bar tabo mai tudu yana ta ƙaiƙayi, wallahi kemis ɗin da ban shiga ba a Gusau kaɗan ne. Shi ya sa nake so 'yan'uwa mata ku ji kafin ku zubar da kuɗi.

Mafi araha man kaɗe ne ko Vaseline. Suna tausasa fata, ƙaiƙayi ya ragu, idan ana murzawa safe da yamma yana taimakawa sosai, amma tudu kam ba su kwantar da shi.

Wanda ya cancanci kuɗinsa shi ne silikon. Iri biyu ne, akwai na shafawa irin su Dermatix da Kelo-cote, akwai na mannawa kamar filasta irin Cica-Care, wanda ake wankewa a sake liƙawa. Na mannawar yana son awa 12 ko fiye a jiki kullum, har wata 2 zuwa 3. To a zafin nan namu ga yaro ga zufa ga wasan ƙasa, kafin azahar ya ɓalle, sau nawa ina tsintarsa a tsakar gida ya kwashe rairayi. Na koma na shafawa, ɗan ɗigo kawai a bari ya bushe, shi ya fi mana. Amma fa sai ciwo ya rufe gaba ɗaya, ba a sa shi kan ɗanyen rauni. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mayukan shafawa irin su Contractubex da Mederma masu ruwan albasa ba su kai silikon tabbaci ba.

Mayukan bilicin kuma don Allah a'a. Wani mai shago ya so ya liƙa mini wai yana goge tabo cikin sati, alhali sirantar da fata suke yi, tabon na nan. Baƙin tabon kuwa, rana ce ke ƙara shi, a rufe da tufa.

Idan tabon yana girma ya wuce inda ciwon yake, keloyid ke nan, mai kawai ba ya isarsa, kuma idan aka yanke shi kawai yakan dawo. Allura ake yi a cikin tabon duk bayan sati 4 zuwa 6. Haka tabon da ya ɗaure yatsu ko gwiwar hannu, wannan a nufi asibitin tarayya na FMC Gusau, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.