Tablet mai ɗaukewa kafin caji ya ƙare: bambancin Windows, Android da iPad

Malam, ka ce tablet ɗinka na mutuwa da zarar caji ya sauko wajen kashi 20, kana neman inda za ka gyara don ta riƙa kaiwa ƙarshe. Ba ka faɗi wace iri ce ba, kuma a nan amsar take, don haka bari in jera maka su ukun.

Idan mai Windows ce, irin su Surface, ka yi sa'a, domin ita kaɗai ta bar maka linzami a hannu. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, sai Change plan settings, sannan Change advanced power settings, ka gangara zuwa Battery. Za ka ga Low battery level, wanda yawanci yake kan kashi 10, shi yawanci gargaɗi kawai yake yi. Sai Critical battery level, yawanci kashi 5, inda na'urar ke ɗaukar mataki da kanta. Matakin kuma kai ke zaɓa a Critical battery action: ta yi barci, ta mutu gaba ɗaya, ko Hibernate. Ni Hibernate nake zaɓa. Shi yana kwashe duk abin da ka buɗe ya adana kafin ta mutu, in an kawo wuta ka jona caji sai ka tarar da aikinka inda ka bar shi. Barci kuwa yana ci gaba da tsotsar ɗan cajin da ya rage, in aka kwana babu wuta, abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan. Kowane saiti layi biyu gare shi, na kan batir da na lokacin da take jone da caja. Na batir ɗin za ka taɓa. In ka tarar wani ya ɗaga lambar Critical battery level zuwa 20, to ga ɓarawon nan, mayar da ita 5.

Android, ko Samsung ce ko Lenovo, ba ta da wannan ƙofa. An gina ta ne ta kashe kanta idan ma'aunin caji ya nuna sifili, kuma ba a ba mai ita damar matsar da shi ba. Abin da ke hannunka shi ne Battery saver, wanda Samsung ke kira Power saving. Yana rage shan cajin ne kawai, bai da ruwa da inda za ta mutu. Manhajojin da ke alƙawarin sauya maka wurin mutuwar, kada ka ɓata musu data.

iPad ma haka take. Low Power Mode, wato nata tsarin rage shan caji, ya zo mata da iPadOS 15 a 2021, kuma a manhajar Shortcuts kana iya sa shi ya kunna kansa a kashin da ka ga dama. Iyakacinta ke nan.

To idan taka Android ce ko iPad kuma tana ɗaukewa a kashi 20, batirin ne ya gaji. Lambar da kake gani a saman allo ƙiyasi ce. Batir in ya tsufa, ƙarfin wutarsa na faɗuwa farat ɗaya da zarar an ɗora masa nauyi, kamar kallon bidiyo da hasken allo a ƙure. Na'urar ta ga ƙarfin ya gaza sai ta yanke, alhali lambar na nuna saura. Alamar da za ka gane: kana jona caja ta kunnu, sai ka ga 15 ko 18 maimakon sifili. Gwada wannan sau ɗaya: cika ta zuwa 100, yi aiki da ita har ta mutu, ka sake cika ta ba tare da cirewa ba. Wani lokaci ma'aunin ne ya ruɗe, wannan kan daidaita shi. In ba ta canza ba, sai canjin batir. Mai Windows ma yana iya fuskantar haka, amma shi yana da hanyar tabbatarwa: ya rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, rahoton zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da yake iya ɗauka yanzu.

Zafinmu ma na taimakawa wajen tsufar da batir. Apple da kansu sun ce iyakar zafin da ya dace da iPad digiri 35 ne, mu kuwa a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri kan wuce 40. Kada a bar ta cikin mota da rana, kada a yi mata caji ƙarƙashin matashi. In kuma ka ga bayanta ya kumbura ko allon ya fara ɗagowa, daina caji nan take ka kai wa mai gyara.

Faɗa mana sunanta da shekarunta a hannunka, sai mu san wacce daga ciki ta shafe ka.