Gargaɗi: An cinye mini naira miliyan 9 da dubu 400 da sunan yawon buɗe ido a Siri Lanka

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Na yi mako uku ina kai-kawo a kan ko in rubuta wannan magana ko in haɗiye ta, domin mutum mai shekaruna ba ya son fitowa bainar jama'a ya ce yaro sa'an ɗansa ya yi masa wayo. Jiya da dare ne na ga tallar mutumin nan mai shirya tafiye-tafiye ta sake fitowa a Facebook da sabon suna, da hotunan nan dai na giwaye da gonakin shayi da ya nuna mini, shi ya sa na kasa yin shiru. Naira miliyan 9 da dubu 400 ya karɓa daga hannuna, daga cikin kuɗin sallamata bayan shekara 35 ina aikin gwamnati.

Ina so a fahimci cewa ni ba mutum ba ne da ke tura kuɗi don ya ga hoto a waya. Aikin akanta na yi har na yi ritaya, takardun kuɗi na bincika tsawon rayuwata, kuma ko buhun shinkafa ba na saye sai an ba ni rasit. Na je ofishinsa da ƙafata. Akwai allo a bakin ƙofa, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai yarinya a gaban kwamfuta, akwai takardar rajistar kamfani a jikin bango cikin gilashi. Ya taso ya tarye ni har bakin mota, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da zuwa, da ka aiko ai ni zan zo gida." Sannan ya sa aka dafa shayi daga wani kwali mai tambarin zaki riƙe da takobi, ya ce wannan ne hatimin shayin ƙasar na asali, kuma daga Nuwara Eliya, yankin gonakin shayi na Siri Lanka, ya zo da shi da hannunsa. Na sha, ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Har yau ina komawa kan kofin shayin nan ina tambayar kaina ko a daidai nan ne hankalina ya kwanta.

Abin da ya sayar mini shi ne kwana 10 ni da uwargida, otal masu tauraro biyar, mota da direba tun daga filin jirgi. Za a fara da Kolombo, a je dutsen Sigiriya inda wani sarki ya gina fadarsa a ƙarni na 5, a shiga kogunan Dambulla, a sauka Kandi inda wurin ibadar mabiya Buda yake wanda suka ce haƙorinsa na ajiye a ciki, daga nan a hau tsaunukan shayi, a ƙare da gandun dajin Yala inda ake ganin damisa da giwaye. Da na nuna ɗari-ɗari game da wuraren ibadar, ya ce kallon tarihi ne kawai, sai dai ana cire takalmi da hula kafin a shiga, har muka yi dariya don na ce ni da hulata ba ma rabuwa. Ya ce Musulmi sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, abincin halal ba ya wuya, kuma za mu yi Juma'a a jan masallacin nan na Kolombo. Sai ya kawo abin da ya gama da ni, wato cewa wannan tsibiri shi ne Sarandib na littattafan Larabawa, inda dutsen da ake danganta sawun Annabi Adamu da shi yake, wanda shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya hau a 1344. Duk na bincika daga baya, kuma duk gaskiya ne. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin bai yi mini ƙarya ko ɗaya a kan ƙasar ba, ya haddace ta kamar karatun allo.

Na fara tura miliyan 4. A'a, kafin nan ma sai da muka yi sallar La'asar tare a bayan ofishin, shi ya shimfiɗa mini darduma, shi ya juya mini takalmi da muka idar. Bayan sallar ne ya ce asusun kamfani ya sami matsala da banki, in tura ta asusunsa na kansa kafin a gyara. Na ga sunan mutum ne maimakon sunan kamfani, na gani da idona, har na ɗan dakata da yatsana a kan waya. Ya ce, "Baba, ai ni ɗanka ne." Na tura. Ni da na sha mayar da takardun 'yan kwangila saboda irin wannan kuskuren, na tura miliyan 4 asusun mutum saboda ya juya mini takalmi.

Miliyan 3 da dubu 200 sun biyo baya da sunan tikiti, saboda wai farashin jirgi ta Doha zai tashi kafin Litinin. Ya turo takarda mai sunayenmu da wata lamba mai harufa shida, ɗana ya duba a shafin kamfanin jirgin ya ga sunayenmu sun fito, muka yi hamdala. Ashe riƙe kujera kawai ya yi, abin da ake iya yi ba tare da an biya ba, kuma bayan ɗan lokaci sunan ya goge da kansa. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma babu ita a takardar da ya ba ni. Haka ya yi da otal ɗin, ya kama ɗakunan da ake iya sokewa kyauta, ya buga takarda, ya soke. Sauran miliyan 2 da dubu 200 na biza ne da kuɗin shiga gandun daji da abin da ya kira inshora. Ku haɗa da kanku: miliyan 4, miliyan 3 da dubu 200, miliyan 2 da dubu 200. Miliyan 9 da dubu 400.

Na manta ban faɗa ba, fasfo ɗinmu ya karɓa tun ranar shayin. Wata biyu yana ce mini suna ofishin jakadancin Siri Lanka a Abuja ana jiran sa hannu. Wani tsohon abokin aikina da ke Abuja ne ya kira ni ya ce, "Alhaji, wane ofishi? Ai tun ƙarshen 2021 gwamnatinsu ta sanar da rufe shi saboda ƙarancin kuɗin waje." Ya kuma tambaye ni ko an ce mu yi katin rigakafin cutar shawara, wanda ƙasar ke nema daga matafiyin da ya fito daga Najeriya. Ko sau ɗaya mutumin bai ambaci katin ba, tunda ya san babu inda za mu. Uwargida kuwa ta riga ta sayi rigunan sanyi saboda ya ce tsaunukan shayi akwai sanyi, ta yi sallama da dangi har Wurno. Yau ko bikin suna ba ta son zuwa, don kada a tambaye ta yaya tafiya.

Ranar da na koma ofishin na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon, mai shagon kusa ya ce haya ce ta wata shida kuma ta ƙare. Fasfo ɗin wani ɗan kabu-kabu ya kawo su gida cikin ambulan, babu biza, babu ko layi ɗaya na rubutu. Wannan ya faru kafin in je ofishin ne ko bayan nan, wallahi kwanakin sun cakuɗe mini. Lambobinsa uku duk a kashe.

Kada ku tura kuɗin tafiya asusun mutum. Ku nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13, ku kira otal da kanku.

Na shigar da ƙara ofishin EFCC na nan Sakkwato, kuma lauyana ya ce kada in ambaci suna tukuna, shi ya sa ban ambata ba. Ina da hotunan hirarmu ta WhatsApp tun daga ranar farko, da shaidar tura kuɗi guda uku, da rasit mai hatiminsa, da muryarsa yana rantsuwa da Allah cewa bizar ta fito, kuma zan saka su duka da zarar an ba ni izini. Wasu har cikin dangi suna cewa me ya kai tsoho kallon giwa a ƙasar wasu. Kuɗina ne, gumina ne na shekara 35, kuma alkawari ne na yi wa matar da ta yi haƙuri da albashina duk tsawon wannan lokaci. Mai shagon nan ya ce ya ga aƙalla mutum biyu sun zo suna buga ƙofar kafin ni. Idan kana cikinsu, ko ka san su, ka aiko mini da saƙo mu haɗa takardunmu wuri ɗaya kafin ranar da aka ce in koma EFCC.