Gargaɗi Ga Masu Neman Zinare: Waya Ba Ta Ganin Cikin Ƙasa

Jama'ar Gusau, Anka, Maru da Bukkuyum, ina jan hankalinku game da wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallar wata manhaja, wadda ya ce idan aka sa ta a waya za ta nuna abin da ke binne a ƙasa, tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, har ta ware jijiyar zinare da launin ɗorawa. Na fara cin karo da tallar ne bayan gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024.

Ƙanena ya faɗa tarkonsa. Ya tura naira dubu 45 daga kuɗin waken da ya sayar, aka turo masa manhajar kai tsaye, ba ta Play Store ba. Da na karɓi wayar na gwada ta a tsakar gida, sannan a kan tabarmar mahaifiyarmu, sannan a kan bokitin ruwa, hoto ɗaya take fitarwa ko'ina: jijiya a gefen hagu, wai a zurfin mita 7. Da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, sai mutumin ya toshe lambarsa.

Abin da ke sa mutane yarda shi ne ƙaryar tana da ƙamshin gaskiya. Lallai waya tana iya ɗaukar cikakkiyar siffar abu, domin manhajoji irin su Polycam da Scaniverse suna haɗa hotuna masu yawa da aka ɗauka ana zagaya abu, su fitar da siffar turmi ko ɗaki yadda za a juya ta kowane ɓangare. Tun daga iPhone 12 Pro ta 2020 kuma akwai na'urar LiDAR, mai harba hasken da ido ba ya gani ta auna lokacin dawowarsa, amma iyakarta kimanin mita 5 ne a sarari, kuma hasken ba ya ratsa ko bangon laka, balle dutse. Na'urar maganaɗisu da ke cikin waya kuwa ta nuna alƙibla ce. Tana iya jin ƙarfe idan an kusanto da shi, amma maganaɗisu ba ya jan zinare.

Asarar kuɗin ba ta tayar mini da hankali kamar ramin da mutum zai sauka ya yi ta haƙa, ƙasa na iya rufta masa, saboda hoton bogi.

Manhajar ta kuma nemi izinin karanta saƙonnin waya, inda lambobin sirri na banki ke shigowa. Duk wanda ya riga ya sa ta, don Allah ya goge ta yau, ya canza lambar sirrinsa, ya je bankinsa da shaidar tura kuɗin, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa.