Yaya, kafin mu sayi motar ɗaga kaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, a gaishe min da Hajiya da yara.

Maganar fokilif, wato motar ɗaga kaya, da kake son sayowa saboda sitonmu na Dawanau, ga abin da nake gani a Daventry, garin manyan rumbunan kaya a tsakiyar Ingila. Motoci kam birjik, Toyota da Linde da Jungheinrich, har na hannu masu kyau. Sai dai abin da ke sa su aiki lafiya a nan ba ya shiga kwantena.

Sabon direba sai ya yi horon kusan kwana 5, ya ci jarrabawa, kamfani ya ba shi izini, sannan ya taɓa makulli. Dokar 1998 ta wajabta ƙwararre ya binciki sarƙa da cokulan motar (ƙarafan gaba da ke ɗaga kaya) aƙalla sau ɗaya a wata 12, ko wata 6 in ana ɗaga mutum da ita. Kowace safiya direba zai duba birki da taya da ham da yoyon mai. In ya ga matsala ya ajiye ta a kira bakanike, ba mai ce masa "lallaɓa haka". Takalmi mai ƙarfe a baki da riga mai ƙyalli kuwa kyauta ne, doka ta hana a cire kuɗinsu daga albashi.

Motar ba ta da wasa, Yaya. Mai ɗaukar tan 2.5 ita kanta ta kusa tan 4, kuma da tayoyin baya take kwana, sai gindinta ya sharo wanda ke tsaye gefe. Ana tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, in sun tare gani a koma da baya. In za ta kife, direba ya riƙe sitiyari ya zauna da bel ɗinsa, don rufinta ne ke danne mai tsalle.

A nan daɓen siminti ne sumul, an ja wa masu ƙafa layinsu daban. Mu kuwa ga rami, ga laka da damina, ga 'yan dako da masu baro suna kutsawa ta ko'ina. Gaskiya saurinsu wajen sauke tirela abin a yaba ne, kuma ba sa jiran katakon da ake jera buhu a kai, wanda in babu shi motar zaman banza za ta yi. Mai batir kada ma ka fara, cajinta na cin wajen awa 8. Mai dizal da tayar iska ita ce daidai da mu.

Ka fara gyara daɓe, ka nemi yaro mai natsuwa a koya masa. Ka kuma aiko min da faɗin ƙofar sito da tsayinta kafin in tambayi farashi.