Gwangwanin tara mai a injin turbo: abin da na gani bayan wata takwas

Motata Golf GTI ce ƙirar 2007, 'yar Kwatano, mai injin lita 2.0 da turbo. Ƙarfin doki 200 ta fito da shi daga kamfani, amma ni da ƙaiƙayin hannu sai da na kai aka taɓa kwamfutarta, aka ƙara wa turbo matsin iska, aka kuma sa mata salansa mai faɗi. Ta yi daɗi, ba ƙarya. In na zo wuce tirela a hanyar Bauchi, taka totur sau ɗaya ya isa.

Daɗin bai cika wata uku ba sulo ya fara rawa, ga wani siririn fito daga ƙarƙashin bonet, baƙin mai kuma yana raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Na kai ta garejin bakanikena a hanyar Dukku. Bai ɗauko sifana ba. Injin na aiki ya ce, "Alhaji, buɗe murfin baƙin mai mu gani." Na murɗa, na ja, murfi ya ƙi tasowa kamar an riƙe shi daga ciki. Da ya ɓalle sai fiton ya ɗauke, injin ya yi kamar zai mutu. Ya ce, "Robar numfashinta ce ta yage." Sannan ya kwance tiyon da ke fitowa daga turbo, ya karkata shi a kan wani kwali, mai ya zubo kamar cokali biyu. Laifin nawa ne da na shekaru: roba mai shekara goma sha wani abu, na kuma ɗora mata nauyin da ba a yi ta dominsa ba.

Ranar na fahimci cewa injin ma yana numfashi ta ƙasa. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a kan fistin, wani ɓangare na hayaƙin yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara inda baƙin mai yake. In bai samu mafita ba, sai ya nemi hanya ta sil da gasket, mai ya fara tsatsafowa. Motocin da can bututu kawai ake sa musu ya zubar da hayaƙin a titi, har zuwa 1961 da aka fara sa bawul ɗin PCV a sababbin motocin jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ke mayar da hayaƙin cikin injin ya sake ƙonewa. Dabara ce mai kyau, sai dai hayaƙin ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da tururin mai da na ruwa. In ka ƙara matsin turbo, abin da ke sulalewa ta ringi ma ƙaruwa yake.

Irin injina kuma yana da nasa ciwon. Fetur kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi. Don haka tururin man nan yana manne wa bawul, zafi ya gasa shi, ya zama baƙin ƙanzo kamar gindin tukunyar da aka daɗe ana girki da icce. Wanda ya wuce cikin silinda kuma yana rage wa fetur juriya, injin ya fara ƙwanƙwasa da wuri, kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfin da ka biya kuɗi aka ƙara ya tafi a banza.

Abin da na fara gwadawa shi ne na masu son arha: aka toshe hanyar komawa injin, aka ɗaura 'yar ƙaramar matata a bakin bututun, hayaƙi ya fita iska. Kada ka yi, muddin motar gida ce. A cunkoson Jekadafari warin ɗanyen mai ya dinga shigowa ta iyakwandishan, har uwargida ta ce in ba a gyara ba ita keke Napep za ta hau zuwa biki. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙurar Gombe ta haɗu da maiƙon da ke kan matatar, cikin sati uku ta zama kamar an tsoma ta a taɓo. Matatar da ta toshe kuwa ta koma murfi, matsin da ake gudu ya dawo. Wannan tsari na motar tsere ce da ake buɗe bonet ɗinta kullum, wasunsu ma famfo na musamman suke sa wa don ya zuƙe iskar.

Daga nan na koma gwangwanin tara mai. Aikinsa a fili yake: hayaƙi ya shiga, mai da ruwa su kwanta a ƙasa, iska ta wuce ta koma bakin turbo. Na farko da na saya ta intanet kyakkyawa ne, ja, yana sheƙi. Bayan wata guda na buɗe na same shi kusan a bushe, na yi murna na ce injina lafiya lau. Bakanike ya karɓa, ya leƙa ciki, ya yi dariya. "Alhaji, ai wannan gwangwanin madara ne aka yi wa fenti." Babu komai a cikinsa, ƙofar shiga na kallon ƙofar fita, tururi ya shiga ta nan ya fice ta can. Tiyon da ya zo da shi ma ya yi laushi da zafi har ya fara lotsewa.

Na biyun shi ne wanda nake kai yanzu, kuma shi nake yaba wa. Kuɗinsa ya kusa ninka na farko sau uku. A cikinsa akwai faranti mai huji-huji da ragar ƙarfe da tururi ke bugawa ya huce ya zama ɗigo, yana da ɗan geji kamar na baƙin mai, gindinsa kuma murɗewa ake yi a cire. Ya zo da farantin da ke maye gurbin tsohon bawul ɗin PCV mai robar nan, don haka maganar robar da ke yagewa ta ƙare. Mun nemo tiyo mai jure mai da zafi, mai faɗin na asali, don ƙaramin tiyo shaƙe injin yake yi. Ɗaurawa ta ci mana kusan awa uku, yawancinta wajen neman inda za a kafa shi nesa da zafin turbo.

Karo na farko da na juye shi, bayan zuwa Bauchi da dawowa sau biyu da zirga-zirgar gari, na samu kusan rabin kofin shayi na wani baƙin ruwa mai warin fetur. Da sanyin Janairu, da nake gajerun tafiye-tafiye daga Tumfure zuwa ofis injin bai gama ɗumi ba, abin ya koma ruwan kunu-kunu mai kumfa, ya kuma fi saurin taruwa. Da zafin Maris ya shigo sai ya ragu, ya zama mai zalla. Tiyon turbo da muka sake buɗewa a wata na shida, ɗan maiƙo kawai ya rage a jikinsa. Sulo ya zauna.

Inda nake da ƙorafi shi ne ya ƙara mini aiki. Sau ɗaya na manta da shi wajen wata biyu, ya cika har wuya, da na ƙara sati ɗaya da turbo ya zuƙe abin gaba ɗaya. Akwai irin da ke mayar da man cikin injin da kansa, amma bayan na ga ruwan kunun nan da idona, ban so ya koma cikin baƙin maina. Kuma kada mai sayarwa ya ruɗe ka cewa zai wanke bawul ɗin shigar iska. Ƙanzon da ya riga ya kama sai da muka kwance manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, aka kankare shi da hannu, yini guda cur. Haka in ringinka ya mutu, gwangwani zai dinga cika ne kawai yana faɗa maka gaskiya. Wani abokina mai Corolla da ba a taɓa mata komai ba ya ce zai sa, na ce ya sayi sabon bawul ɗin PCV na asali ya riƙe canjinsa, tunda nasa injin fetur na wanke masa bawul ɗin shigar iska.

Yanzu duk Asabar ta biyu, kafin yaro ya fara wanke motar, nakan zaro gejin in duba. Abin da na juye ina tara shi a tsohuwar jarka, in na je juyen baƙin mai in bar wa garejin su haɗa da nasu.